Ranar Da Ƙoƙon Baba Ya Tsallake Fermín

Sannunku da jira, jama'a. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa wai Azucena ta sami miji ta manta da mu. Ina fa. Da miji na samu ai da kun jiyo guɗa tun daga nan Rosario. Abin da ya faru ranar Lahadi ne ya sa ko kallon wayata ba na son yi, don ita ta ja mini. Ku gyara zama, yau ba abin da zan ɓoye muku.

Waɗanda yau suka fara shigowa, bari in haɗa ku da mutanen gidanmu. Babana Osvaldo bakanike ne, gyaran bas yake yi, kuma in ka tsaga ƙirjinsa ba abin da za ka tarar sai Dardo Almirón, mawaƙin rok ɗin nan mai muryar da taba ta gama cinyewa. Sama da shekara talatin Baba da abokansa suna bin sa gari-gari da tutarsu. Tutar nan baƙa ce, ta fi ƙofar gareji faɗi, a tsakiyarta fuskar wani saurayi mai dogon gashi yana dariya. Baffana Elvio ke nan, ƙanin Baba, wanda kogin Paraná ya ci tun ba a haife ni ba.

Layi ɗaya suka tashi da Dardo. Baffa Elvio ne ya fara koya masa riƙe jita, a tsakar gidan nan namu, kusa da gwangwanayen mai da Kaka take shuka fararen furannin da ake ce wa azucena. Lokacin da ruwa ya ci Baffa, Baba yana can kudu wurin haƙar mai, ko jana'iza bai samu ba. Shekara na zagayowa sai ga faifan Dardo na farko, a cikinsa da waƙar "Azucena": farin fure a gwangwanin mai, uwa a bakin ƙofa tana jiran ɗan da ba ya dawowa da wuri. Baba ya ce a gareji ya fara jin ta a rediyo, ya zauna a kan taya ya yi kukan da bai samu ya yi a kan kabari ba. Ya ce ta'aziyya ce Dardo ya aiko mana. Daga nan na samo sunana.

Sai dai duk shekarun nan, ko sau ɗaya Dardo bai taɓa kiran sunan Elvio a bainar jama'a ba. In aka taɓo zancen Baba zai ce, "Babban mutum ba ya kuka a kasuwa." Amma ni da nake gida ɗaya da shi na san abin yana cin sa a rai.

Sai kuma Fermín, wanda nake so. Siriri ne mai tabarau, ɗan Buenos Aires, yana rubutu a wata mujallar waƙa. Baba bai taɓa korarsa ba, bai kuma taɓa sakar masa fuska sosai ba. "Ɗan birni" yake ce masa. Ranar da aka ce mujallar za ta tura Fermín ya yi doguwar hira da Dardo, ranar ce kaɗai na ga Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Tambaya ɗaya zan ba ka, ɗan birni," ya ce. "Ka tambaye shi wa ya fara ɗora masa yatsu a kan jita. Ba na neman komai. Sunan kawai ya faɗa, in gan shi a rubuce kafin in mutu. Ka yi mini wannan, sai mu zauna mu yi maganar da kake ta kewaye-kewaye a kanta."

Kun dai gane maganar da ake nufi. Ni da nake laɓe a bayan labule sai da na ciji yatsa don kada in yi ihu.

Tun da ya dawo daga hirar nan Fermín ya canza mini. In na rubuta masa, "Ya aka yi?" sai ya ce, "Ki bari ta fito." In na ce, "Ka tambaya dai ko?" sai ya turo hoton zuciya. Zuciya nake ci? Jikina ya ba ni akwai wani abu, amma mai so ba ya jin gargaɗin jikinsa.

Ranar Asabar mujallar ta fito. Baba ya sayo ta da kansa, bai buɗe ba, bai ma yage ledar ba. Ya ɗora ta a kan kabad ya rufe da tsumma mai tsabta, ya ce sai gobe wurin gashin nama, a gaban kowa. Ya ce irin wannan labarin ba a cin sa mutum ɗaya.

Da safiyar Lahadi na saka doguwar rigata ruwan ganye mai ƙananan maɓallai, na ɗaure gashina sama, na saka 'yan kunnen Mama, Allah Ya jiƙanta. Ina gaban madubi Goggo Zulema ta shigo da kwanon salak a hannu. Yayar Baba ce, ita ta raine ni, kuma bakinta ba ya da birki.

"Wannan kwalliyar duk ta ɗan jaridar ce?"

"Goggo, Lahadi ce fa."

"Makon jiya ma Lahadi ce, da rigar barci kika wuni." Ta ƙare mini kallo. "Gastón ma yana zuwa. Ki gaishe shi kamar 'yar mutane, ba kamar mai amsa waya ba."

"Ina gaishe shi ai."

"Yaro da shagonsa na kayan mota, ubansa aminin ubanki, shi Gastón ɗin ke riƙe sandar tuta tun yana ɗan sha biyar. Ke kuma kin nace wa wanda ko gawayi bai iya hurawa ba. Rannan ina kallonsa, takardar jarida ya ƙarar a kan wuta, hayaƙi kawai muka sha. Da me zai riƙe ki, da alƙalami?"

Na juya ga madubina. In ka biye wa Goggo sai nama ya ƙone.

A tsakar gida Baba ya riga ya rataye tutar a bangon baya, daidai saman gwangwanayen Kaka, waɗanda har yau shi yake ba su ruwa. Ya saka tsohuwar rigarsa ta wasan Dardo, wadda rubutunta ya koɗe har ba a iya karantawa. Haƙarƙari yana kan wuta yana ɗiga, ƙamshi ya cika layi.

"Zucu," ya kira ni, don haka yake ce mini, "haɗa mana sifika. Daga faifai na farko."

Tun da tsohuwar rediyonsa ta mutu, wayata ce mai kiɗan gidanmu. Na haɗa ta da sifikar da ke kan taga, muryar Dardo ta tashi.

Sanƙo ne ya fara isowa, aminin Baba, wanda ba wanda ya tuna sunansa na yanka tun da gashin kansa ya yi ƙaura. Bayansa ɗansa Gastón da buhun gawayi a kafaɗa, ya yi aski, ya sha turare har yana hawa kai. Sai Mabel mai shagon gyaran gashi, wadda ta zana baitin Dardo a damtsenta tun tana budurwa, yanzu damtsen ya ƙaru baitin ma ya ƙaru. Fermín ne ƙarshe. Na ji tsayuwar babur ɗinsa gabana ya faɗi. Ya shigo da hular kwano a hannu ɗaya, kwalin kek a ɗayan, farar riga a jikinsa, idanunsa kamar wanda bai runtsa ba.

"Barka da rana, Don Osvaldo," ya ce wa Baba, irin kiran girmamawar da muke yi wa dattawa.

"Ga gwarzon yau nan," Baba ya ce, ya ja masa kujera kusa da shi. Kujerar nan ba a taɓa ba shi ita ba. Gastón ya kalli kujerar ya kalli ubansa.

Aka ci nama, aka sha, aka suɗe yatsu. Fermín kuwa juya nasa kawai yake yi a faranti. Da aka kwashe kwanuka Baba ya wanke hannu har sau biyu, ya ɗauko mujallar, ya yage ledar a hankali, ya miƙa wa Sanƙo.

"Karanta mana. Kai ne mai muryar coci."

Na rage kiɗan. Sanƙo ya ɗora tabarau a kan hanci ya fara. Dardo ya ce shi sautin yake fara samu, kalmomi su biyo baya.

"Ƙarya yake," Mabel ta ce. "Da bakinsa ya taɓa cewa kalmomi ne farko. Ina wurin."

"Mutum ba zai canza ba a shekara talatin? Ke ba ki canza launin gashi ba?" Sanƙo ya ce.

"Ni ban taɓa musu ba ai."

Aka yi dariya. Sanƙo ya ci gaba. Dardo ya ce waƙa ba a farautarta, zama ake yi a bakin ruwa kamar mai kamun kifi, wata rana ka koma gida da kwando wayam. Mabel ta dafe ƙirji ta ce wannan kam maganarsa ce. Gastón ya ce to sabon faifan nan dai kwando wayam ne, ubansa ya ɗaga masa hannu.

"Kai yaro, wanke bakinka. Lokacin da mutumin nan yake cika fili, kai ko wando ba ka iya ɗaurawa ba."

"Gaskiya na faɗa, Baba. Faifai na farko shi ne faifai. Sauran duk inuwarsa ce."

"Wannan kuma haka ne," Mabel ta ce. "Na farkon nan kamar wani mutum daban ne ya yi shi."

Na ga Fermín ya sunkuyar da kai. A lokacin ban kawo komai ba.

Sai aka zo wurin da aka tambaye shi waɗanda suka yi tasiri a kansa. Baba ya gyara zama, ya ɗora tafukansa a gwiwa. Dardo ya lissafa rediyon kakansa mai tsofaffin waƙoƙin tango. Ya lissafa ƙarar jirgin ƙasa mai ɗaukar hatsi zuwa tashar jiragen ruwa. Ya lissafa faya-fayan Turawa da wani matuƙin jirgi ya sayar masa. Har wani malamin makaranta da ya taɓa korarsa daga aji sai da ya samu shiga. Sanƙo yana karantawa muryarsa tana raguwa, yatsansa yana gudu a kan layi yana neman abin da duk muke nema.

"Juya," Baba ya ce.

Ya juya shafi. Tambaya ta gaba a kan "Azucena" ce. Dardo ya ce a gidan kakarsa da ke ƙauye can wajen Córdoba ya ga furannin, yana yaro.

Duk muka kalli gwangwanayen da ke ƙarƙashin tuta.

"Wace kakar?" Mabel ta ce. "Kakar Dardo ai a bayan kasuwa ta mutu, ko tukunyar na'ana'a ba ta taɓa shukawa ba."

"Wataƙila ta wajen uba," Sanƙo ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"Karanta sauran," Baba ya ce.

Ya karanta har ƙarshe, har sunan Fermín da ke ƙasa. Babu Elvio. Babu ma tambayar.

Baba ya karɓi mujallar ya duba da kansa, gaba da baya, har shafin talla. Ya rufe ta ya ajiye. Bai kalli Fermín ba.

"Mawaƙa haka suke," Sanƙo ya fara lallashi. "Suna ɓoye abin da ya fi yi musu ciwo. Ai kai ma kana faɗa."

"Ba a tambaye shi ba," Goggo ta ce daga ƙofar kicin. "Ina laifin mutum in ba a tambaye shi ba? An aiki yaro, ya je ya ga babban mutum, gwiwarsa ta yi sanyi. Shi ke nan."

"Ni da ni ne," Gastón ya ce yana wasa da cokali, "ko a bakin ƙofa sai na tambaya."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Na zuba wa Fermín ido ina roƙonsa a zuci ya ce wani abu, ko ƙarya ce. Ya mayar da idonsa kan tebur.

Baba ya tashi ya ɗauko filas da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da tsinken ƙarfe, ƙoƙo ɗaya yana zagaya kowa. A gidanmu shi ne mai zubawa, ba a taɓa karɓar masa ba. Ya cika ƙoƙon da ganye, ya gyara tsinken ƙarfen, ya zuba ruwan zafi, ya sha na farko kamar kullum. Ya sake cikawa ya miƙa wa Sanƙo. Sanƙo ya zuƙe ya mayar. Ya miƙa wa Gastón. Ya miƙa wa Mabel, ta riƙe tana ta surutu a kan kakar Dardo har Sanƙo ya ce, "Magana kike koya wa ƙoƙon? Sha ki ba mutane." Ta sha. Ya miƙa wa Goggo, ya miƙa mini. Na shanye na mayar, saura Fermín, shi ne na gaba.

Baba ya cika ƙoƙon. Fermín ya ɗan ɗago hannu. Baba ya kai tsinken bakinsa ya sha da kansa, ya sake cikawa, ya miƙa wa Sanƙo.

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an tsallake mutum a zagayen gidanmu ba. Mai karanta mitar wuta in ya tarar ana sha sai an ba shi. Maƙwabcin da suka shekara ba sa magana da Baba, ranar da ya shigo neman tsani, sai da aka miƙa masa. Fermín ya mayar da hannunsa kan cinya a hankali, kunnuwansa suka yi ja. Goggo ta kalle ni da kallon "na faɗa miki."

Na ja wayata ƙarƙashin tebur na rubuta wa Fermín.

"Ka tambaya ko ba ka tambaya ba?"

Na ga ya duba tasa. "Na tambaya."

"To ina amsar?"

"Ba zan iya ba, Zucu."

"An tsallake ka a gaban Gastón. Ka san ma'anar wannan a gidan nan?"

"Na sani."

"In ba za ka faɗa wa Baba ba, ni ka faɗa mini. In kuwa ni ma ba ka yarda da ni ba, ka ɗauki hularka tun yanzu."

Ya daɗe yana kallon allon. Ƙoƙon ya sake zagayowa, ya sake wuce shi. Sai ga saƙon murya ya shigo, a ƙasansa ya rubuta: "Ke kaɗai. Na ba shi alkawari. Ki ji ki goge."

Na ce zan ɗauko wuƙar kek. Na wuce kicin na shige ɗakina na tura ƙofa, na zauna a bakin gado na danna. Shiru. Layin yana tafiya amma ba na jin komai. Na kara a kunne, shiru. Na ce ko ƙarar ce na rage ɗazu, na danna ta har ƙarshe.

Sai na ji tarin Dardo daga tsakar gida.

Sifikar. Wayata tana haɗe da sifikar da ke kan taga. Na rantse muku yatsuna suka mutu, ina ganin inda zan danna in tsayar amma hannun ya ƙi. Ta taga na ji muryar Fermín a sifikar tana cewa, "Wani ya aiko ni da tambaya. Yayan Elvio." Na zabura zan fito da gudu, wayar ta suɓuce ta faɗa bayan gado, kafin in kai ƙofar tsakar gida Dardo ya fara magana.

"Osvaldo yana nan da rai? Ina ganin tutarsa. Duk wasa ina ganinta, shi ya sa ba na kallon gefen hagu." Ya yi tari. "Bar na'urar ta ɗauka, yaro. Amma ka ba ni alkawari, ba za ka buga ba sai bayan raina."

"Na yi alkawari."

"Ba jita kaɗai ya koya mini ba. 'Azucena' tasa ce. Shi ya yi ta, don uwarsa, ina zaune ina kallonsa. Rabin faifan nan nasa ne. Da ya mutu na ce zan rera su don kada su bi shi kabari, in na samu shiga sai in faɗi gaskiya. Da na samu shiga sai na ce bari in ƙara ƙarfi tukuna. Ka ga gashina yanzu. Ban taɓa yin wadda ta kai tasa ba, kuma kowa ya sani, ba su dai san dalili ba."

Fermín ne ya kai ga sifikar ya kashe ta, amma aikin gama ya gama.

Mabel ta rufe damtsenta da tafin hannu, daidai kan baitin. Sanƙo ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, yana ta gogewa. Goggo, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da muka binne Mama, ta zauna a kan dakalin kicin ta ce, "Elvio yana rera ta yana wanki. Ina jin sa. Na ɗauka ta abokinsa ce yake koya." Ta ja gefen rigarta ta toshe baki.

Baba bai motsa ba. Tutar yake kallo. Shekara talatin yana ɗaga fuskar ƙaninsa a gaban mutumin nan, cikin ruwa da rana, yana yi masa godiya. Na tuna kuɗin motar da yake tarawa, da hutun da bai taɓa kai mu ko'ina ba sai inda Dardo yake wasa, da sunana. Tausayinsa ya kama ni, kuma ni na jawo.

"Don Osvaldo," Fermín ya ce, "ban so ka ji ta haka ba. Ban so ka ji ba ma sam."

"Ka gwammace in ɗauke ka matsoraci."

"E."

Baba ya jinjina kai. Ya jawo filas, ya zubar da tsohon ganyen a gindin furannin, ya zuba sabo, ya sha na farko. Ya cika. Wannan karon bai bi layi ba. Ya tsallake Sanƙo, ya tsallake Gastón, ya miƙa wa Fermín da hannu biyu.

Zuciyata ta yi tsalle. Na ce shi ke nan, Allah Ya kawo ƙarshen wahalata. Fermín ya karɓa, ya kusa kai tsinken baki.

"Ka buga," Baba ya ce. "Duka, da sunansa cikakke. Elvio Ramón Bertolotti. Ka buga a fitowa ta gaba, ni kuma in sa Zulema ta ɗinka sunanka a jikin tuta. Ka ga 'yata, ka ga gidana. Sha."

Tsinken ya tsaya a gaban leɓensa.

"Na ba shi alkawari. Sai bayan ransa."

"Ɓarawo ka ba alkawari."

"Ko ma wane ne, ni na bayar. Don ya yarda da ni ya faɗa. In na karya, ba wanda zai sake buɗe mini baki, kuma ni kaina..."

"In na riga shi mutuwa fa?" Baba ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Ka san ƙwayoyin da nake haɗiya kullum da safe. Zucu ta faɗa maka. Uwarmu ta mutu tana jin waƙar ɗanta a rediyo da sunan wani, tana cewa Allah Ya yi wa Dardo albarka. Ni ma haka kake so in tafi?"

Fermín yana riƙe da ƙoƙon, tururin yana raguwa, kuma yau ba wanda ya tambaye shi ko magana yake koya masa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa a raina, sha mana, sha kawai, gobe ma rana ce. Wani ɓangaren zuciyata kuma yana cewa in ya sha, to ba shi ne mutumin da na so ba. Ban san wanne nake roƙo ba.

Ya miƙa hannu ya mayar wa Baba ƙoƙon, cike kamar yadda aka ba shi.

"Ka yi haƙuri, Don Osvaldo."

Mabel ta ja numfashi. Gastón ma bai yi murmushi ba, in faɗi gaskiyarsa. Baba ya kalli ƙoƙon da aka dawo masa da shi, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai jefar. Sai ya juyo gare ni.

"Zucu. Zo nan."

Na matso.

"A wayarki maganar take, ko ba haka ba?"

"E, Baba."

"Ke kin ba wani alkawari?"

Na kalli Fermín. Ki ji ki goge, haka ya rubuta. Ban amsa masa ba kafin in danna, amma ai don ya yarda da ni ya turo. Ya girgiza mini kai kaɗan, a bayan tabarau idanunsa sun cika.

"Ba sai da mujalla ba a zamanin nan," Baba ya ce. "Mutane nawa ke karanta abin da kike rubutawa? Waƙar baffanki ce. Sunanki ne."

Ya miƙo mini ƙoƙon.

Jama'a, tun ina 'yar shekara bakwai hannun nan yake miƙo mini ƙoƙon nan, da tabon mai a farcensa, ban taɓa tsayawa tunani ba. Kafin kaina ya gama lissafi hannuna ya riga ya karɓa.

Fermín ya sunkuya ya ɗauki hular kwanonsa daga ƙarƙashin kujera. Ya ce wa Goggo an gode da abinci. Ya bi ta gabana bai taɓa ni ba, na ji ƙarar sakatar ƙofar waje.

Ban sha ba, ban kuma mayar ba. Ina tsaye da shi a hannu har ya huce, Baba yana jira, babur ɗin kuma yana waje ba a tayar da shi ba.